Rigar Gida: Yaɓe, Filasta da Zaɓen Launi a Ƙasar Babura da Kazaure

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa Kanya Babba zuwa Babura a ƙarshen damina, ba zai rasa ganin wani abu da yake maimaita kansa daga wannan ƙauye zuwa wancan ba. Zai ga katangar ƙasa wadda aka yi wa filastar siminti, filastar ta kumbura, ta ɓamɓare, ta zubo falle-falle, ta bar ginin a tsirara. Sau da yawa kuma bangon da yake duban gabas ne abin yake samu. A gefe guda sai a tarar da wata tsohuwar katanga wadda ba ta taɓa ganin siminti ba, yaɓen ƙasa kurum ake yi mata, ta sha ruwa ta zaizaye kaɗan, amma tana nan tsaye.

Wannan maƙala za ta dubi abubuwan da ake lulluɓe bayan gida da su a wannan yanki, da launin da ake zaɓa musu. Abin da take son nunawa shi ne, shafen waje ba ado ne kawai ba, kuma ba tsadarsa ce take sa ya yi ƙarko ba. Abin da yake sa ya yi ƙarko shi ne dacewarsa da irin bangon da ke ƙarƙashinsa, da kuma irin ruwa da rana da ƙurar da zai fuskanta.

Ƙasar da yanayinta

Babura tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Da ita da Kazaure da Roni da Gwiwa duk a cikin Jihar Kano suke kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991. Ta fuskar sarauta, Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim, su kuwa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne masarautar Kazaure. Amma ta fuskar gini, bambancin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙasa. Wajajen Kazaure da Roni akwai tsaunuka da duwatsu da jar ƙasa mai tsakuwa. Wajajen Babura kuwa jigawa ce ta fi yawa, watau ƙasa mai rairayi, wadda take da daɗin noman gero da gyaɗa da riɗi, amma ba ta da danƙon da magini yake so. Saboda haka magini a nan yakan nemi ƙasar fadama ko ta kududdufi mai yumɓu, ya gauraya ta da mai rairayin, domin yumɓu zalla tsagewa yake yi in ya bushe, rairayi zalla kuwa ba ya kama jikinsa.

Damina gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, mafi yawan ruwan kuma a Yuli da Agusta yake sauka. To, amma ba yawan ruwan ne yake cin gini ba, yadda yake zuwa ne. Hadari a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, sai ruwan ya riƙa dukan bango a karkace kamar ana watsa masa tsakuwa. Shi ya sa bangon gabas yake riga sauran lalacewa. Bayan damina sai hunturu da ƙurarsa, sa'an nan bazara, lokacin da zafi yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a watannin Afrilu da Mayu. Duk abin da za a shafa wa bango, sai ya jure waɗannan uku.

Kalmomin sana'ar

Ya kamata a rarrabe wasu kalmomi, domin yanzu ana yawan cakuɗa su. Yaɓe shi ne a ɗebi kwaɓaɓɓiyar ƙasa a manna wa bango da hannu. Shafe shi ne na ƙarshe, mai laushi, wanda ake bi da tafin hannu ko tsumma, ko da farar ƙasa ne ko da makuba. Daɓe na ƙasan ɗaki ne da tsakar gida, kuma bisa al'ada aikin mata ne, da waƙoƙinsa na musamman. Filasta da fenti da bulo da birkila duk baƙin kalmomi ne da suka shigo tare da siminti. Abin lura shi ne Bahaushe bai kira mai aikin siminti magini ba da farko, sai ya ara masa suna daga Ingilishi, kamar dai yana nuna cewa sana'o'i biyu ne daban. Lalle kuwa daban suke, kuma rashin sanin haka yana cikin abin da yake rushe gidaje.

Makuba da laso da cafe

Gidan ƙasa na gargajiya da tubali ake gina shi, watau curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake shanyawa a rana. Ana kwaɓa ƙasar da ramno, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake tattake ta. Bango yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan bango yana shan laima, yana kuma fitar da ita in rana ta fito. Magina sun san haka, shi ya sa duk abin da suka ƙago na shafe bai toshe wa bangon hanyar bushewa ba.

Mafi shahara a ciki ita ce makuba. Daga ɗorawa ake samunta. In 'ya'yan ɗorawa suka nuna a bazara, akan cire garin a sha, a cire kalwa a yi daddawa, sai a bar kwasfa. Wannan kwasfar ce ake dakawa a jiƙa, ko a tafasa, ruwanta ya fito ja-ja mai duhu. Da shi ake kwaɓa ƙasar yaɓe, ko a yayyafa wa bango bayan an gama. Abin da yake aikin shi ne wani sinadari mai bauri da ke cikin kwasfar, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita. Yana ɗaure ƙwayoyin yumɓu, ya sa fuskar bangon ta yi tauri, ruwa ya riƙa silalewa maimakon ya nutse. Makuba ba ta dawwama. Bayan damina biyu ko uku sai an sabunta, bangon gabas ma wani lokaci kowace shekara. Amma tana da hali guda mai kyau: a hankali take cinyewa, a fili, maigida yana gani, ya kuma san lokacin da zai kira magini.

Laso ya fi makuba ƙarfi, ya kuma fi ta tsada. Haɗinsa ya nuna yadda sana'o'in gari suke riƙe da juna. Daga marina ake samun katsi, watau laka mai shuni da toka da ke kwantawa a gindin karofi, wadda ake kwashewa a shanya a ƙona a daka. Daga majema ake samun gashin jima. Daga daji kuma ake saro dafara, a daddaka ta a jiƙa, ta ba da ruwa mai yauƙi. In an haɗa ukun sai a sami wani abu mai kama da siminti, wanda su marinan da kansu suke shafe ramukansu da shi don kada su yi yoyo. Abin da ya riƙe ruwan baba shekara da shekaru a cikin rami, ba ruwan sama ne zai gagare shi ba. Shi ya sa ake shafa shi a kan rufin soro, da rawanin gini, da zankwaye, da bakin indararo, wuraren da ruwa ya fi zama ko ya fi gudu.

Akwai kuma cafe, inda ake yaɓa ƙasa, tun tana ɗanya a bi ta da ƙananan tsakuwa ana dannawa, sa'an nan a shayar da ita ruwan makuba ko na bagaruwa. Tsakuwar ce take karɓar dukan ruwa. Wannan ya fi sauƙi a inda tsakuwa take, kamar wajajen Kazaure da Roni.

Ba a ƙauye kaɗai aka san darajar waɗannan abubuwa ba. Da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Da ƙasa aka gina Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da gidajen unguwar Birni a Damagaram masu zane a fuska. Masana irin su Zbigniew Dmochowski da J. C. Moughtin da Hamman Tukur Sa'ad sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan fasaha. A shekarar 1986 ma masallacin garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini.

Sai dai mai son laso a yau zai sha wuya kafin ya same shi. Marina sun mutu a garuruwa da yawa tun da atamfa da rinin kanti suka ci kasuwa, in babu karofi kuwa babu katsi. Ɗorawa ta ragu a gonaki, dafara ta yi nisa. Wanda ya ce wa mutumin Babura ya koma wa laso kamar kakansa, bai yi masa adalci ba, domin ba laso kaɗai ya tafi ba, sana'o'in da suke haifar da shi ne suka tafi.

Kafin a bar kayan gargajiya, a tuna cewa a ƙauyuka da rugage da yawa rigar gida ba ƙasa ba ce sam. Zana ce ta gamba, ko dangar karan dawa da na gero, ana sabunta ta bayan kaka. Tana shan iska, ba ta riƙe zafi, abokan gabarta su ne gobara da gara da awaki.

Zuwan siminti

Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a shekarar 1967, na Ashaka kuma a 1979. Tsakanin waɗannan shekaru ne kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, aka yi odar siminti daga waje har jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas a 1975. Daga nan siminti da kwano suka zama alamar wanda Allah ya buɗa wa. Wanda ya sami hali ya rushe ya yi na bulo. Wanda bai kai nan ba, kuma su ne mafi yawa, sai ya bar bangonsa na ƙasa ya sa a yi masa filasta, ko da fuskar zaure ce kawai. Niyyarsa mai kyau ce: yana so ya huta da yaɓen kowace shekara, yana kuma so gidansa ya yi kyan gani.

Ga inda matsalar take. Ƙasa tana kumbura in ta sha laima, ta tsuke in ta bushe. Siminti ba ya bin ta. Shi tauri gare shi, zafi da sanyi ne suke motsa shi, kuma ba daidai da yadda suke motsa ƙasa ba. Tun daga farko ma bai kama ta da kyau ba, jingina kurum ya yi. Bayan bazara ɗaya ko biyu sai 'yan tsage-tsage su fito, wasu ba su fi silin gashi ba. Ruwan da iskar gabas ta koro sai ya bi ta nan ya shige, ko ya bi ta saman katanga in ba a rufe ta da kyau ba. Da ya shiga kuwa ba shi da mafita, domin simintin da aka sa don ya hana ruwa shiga, shi ne yanzu yake hana shi fita. Sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, ta yi laushi, gara ta sami wuri mai duhu da laima ta yi gida. Daga waje bango sumul, har da fenti. In an ƙwanƙwasa shi sai a ji yana amsawa kamar ganga. Ranar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta, sai filastar ta zubo gaba ɗaya, wani lokaci ta taho da rabin bangon. A daminar 2020 da ta 2022 Jihar Jigawa ta ga ruwa da ambaliya da suka rushe gidajen ƙasa masu yawa, kuma bangon da ya riga ya ruɓe daga ciki ba ya buƙatar ambaliya kafin ya faɗi a kan masu barci.

Birkiloli suna da dabarun rage wannan. Wasu sukan kafa ƙusoshi ko fasassun kwalabe da duwatsu a jikin bangon, wasu su shimfiɗa ragar waya, domin filastar ta sami abin kamawa. Wannan yana ƙara mata kwana, amma bai warware maganar laima ba. Abin da ya fi shi ne a sassauta haɗin, watau a kwaɓa ƙasar wurin da yashi da siminti ɗan kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, yadda shafen zai yi kusa da bangon a hali. Ba ya ƙyalli kamar filasta, maigida ma yana iya ganin kamar an cuce shi, amma yana barin bango ya bushe.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka fi kowane shafe amfani, ba a kuwa cika ba su muhimmanci ba: kan bango da gindinsa. In rufin kwano ne, a bar bakinsa ya zarce bango sosai. In soro ne, indararo ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa. A gindi kuma, ruwan da ya faɗo ƙasa ya fantsamo, da laimar da ke hawowa daga ƙasa da gishirinta, su ne suke rarake bango har ya yi ƙugu. Dakalin da ake yi a ƙofar gida ba don zaman hira kaɗai ba ne, kariya ce ga gindin bango. A Kazaure da Roni dutse yana kusa, ana iya ɗora harsashi da shi. A Babura, inda sai an yi dakonsa, jeri biyu ko uku na bulo a ƙasa sun fi buhunan simintin da za a ɓata a sama. Wasu kuma sukan buga tsohon kwano a bangon gabas. Ba shi da kyan gani, yana kuma ɗaukar zafi, amma in an bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, yana aikinsa.

Bangon bulo kuwa, filasta ita ce rigarsa ta asali, domin jinsinsu ɗaya. A nan kuskuren na haɗi ne da gaggawa. Awo ɗaya na siminti ga awo 4 zuwa 6 na yashi mai tsabta shi ne abin da aka saba. Yashin jigawa mai laushi ƙwarai yana shan ruwa da yawa, ya sa filasta ta tsattsage, gara a gauraya shi da na rafi. Sai an yi mako guda ana ba ta ruwa, abin da yake da wuya a bazara, lokacin da ruwan sha ma sai an saya. Fenti kuma ya jira wajen mako 4. Tayil da ake mannawa a fuskar gida yanzu yana wankuwa, ba ya kuma koɗewa, amma nauyi gare shi, kuma ba shi da wurin zama a jikin bangon ƙasa.

Launi

A da, launin gida launin ƙasar garin ne. Abin da ake ƙarawa kaɗan ne: farar ƙasa, wani lokaci da ɗan bula a ciki don farin ya fito, da jar ƙasa, da baƙin gawayi, da duhun makuba. Harshen kansa ya adana wannan tarihi. Bahaushe yana cewa ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, kuma itaciya guda, watau ɗorawa, ta ba shi sunan launi biyu, ruwan ɗorawa daga garinta, ruwan makuba daga kwasfarta. Yaro a yau yana iya shiga shagon fenti ya nemi ruwan makuba bai taɓa ganin makubar ba.

Ado kuwa a fuskar zaure ake tara shi, domin nan ne gida yake gaisawa da jama'a. Nan ake yin dagi da sauran zane, daga baya har da hoton keke da agogo da jirgin sama, kamar yadda A. H. M. Kirk-Greene ya nuna game da gidajen Zariya a 1963. Sauran katangar akan bar ta haka nan. Wannan tsari yana da hikimar tattali, domin kuɗin ado ya tafi wuri ɗaya, inda ido yake.

Da fentin gwangwani ya zo, zaɓi ya yi yawa, sai tambayar ta zama wanne ya dace. Ta fuskar zafi, amsar a fili take. Farin bango sabon shafe yana mayar da kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na hasken rana, mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi ya mai da shi zafi. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafin, ba ya isa ciki sai dare. Bulo mai rami, mai inci 6 ko 9, ba shi da wannan haƙuri. Saboda haka wanda ya yi wa bangon bulo mai duban yamma fenti mai duhu, ya saya wa iyalinsa zafin la'asar da kuɗinsa, a garin da ba a dogara da wutar lantarki.

Amma fari tas yana da nasa aibi. Ƙurar hunturu tana mai da shi ruwan ƙasa, ruwan damina ya fantsama masa laka, ga kuma ɗaukar ido da tsakar rana. Ja mai haske da shuɗi da ruwan hoda kuwa rana tana cinye su da wuri, bayan shekara biyu sai su koɗe dabbare-dabbare. Launukan da suka fi zama lafiya da wannan ƙasa su ne masu haske da suka ɗan karkata wajen launin ƙurar kanta, irin su ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, domin ƙura ba ta nunawa a jikinsu, kuma sinadarin launinsu ba ya gudun rana. Dabarar da ake gani a makarantu da asibitoci, ta yi wa gindin bango ɗamara mai duhu kamar tsawon mita ɗaya a bar sama da haske, ta dace da gidan zama ma. Nan ne laka take fantsama, nan yara suke dafawa, nan awaki suke soshe-soshe.

Irin fentin ma abin dubawa ne. Mai mai yana rufe bango ruf kamar leda, ya dace da ƙofa da taga da ɗamarar gindi a bangon bulo da ya bushe sarai. In akwai laima a ciki sai ya yi bororo ya saɓule. Mai ruwa ya fi barin bango ya sha iska. A bangon ƙasa kuwa har yanzu babu abin da ya kai farar ƙasa dacewa: tana da araha, ana shafa ta da tsintsiya ko tsumma, in ta wanke a damina a sake ta kafin Salla.

Tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Husaini Adamu a Kazaure, akwai wuraren da za a iya auna ƙasar kowace gunduma a faɗi awon simintin da ya dace da ita, a kuma gwada ruwan makuba da na bagaruwa a kan bangon gabas damina bayan damina. Tsofaffin maginan da suka san awon katsi da dafara, da sunan kowace irin ƙasa, suna nan a garuruwan yankin, amma yawancin 'ya'yansu aikin bulo suka koya.